Hayaƙin Gidan Sakatare

Ranar da aka kori murhun Gwaggo Jummai daga tsakar gida, laifin wani mutum ne da ya bugo waya daga Kambarawa, wanda har yau Malam Nu'uman bai san fuskarsa ba. Haka dai Malam Nu'uman ɗin yakan faɗa in yana neman wanda zai ɗora wa laifi, kafin ya ja tsaki ya ce wa kansa, "Kai ma ka san ƙarya kake."

Malam Nu'uman shi ne sakataren Ƙungiyar Inuwar Gobe, ƙungiyar mutum goma sha ɗaya masu fafutukar kare itatuwa a Katsina. Shekara biyu ke nan suna bin wani ƙudirin doka a majalisar jiha, wanda zai taƙaita saran itatuwa don yin gawayi, ya kuma hana yanka daji da burtali a mayar da su filayen gini. Ya san ƙudirin nan fiye da yadda ya san ajin da 'ya'yansa suke a makaranta. Sashe talatin da huɗu ne, kuma ko wanne ka ambata zai karanto maka shi har da waƙafi. Ya san ranar da aka yi masa karatu na farko, ya san ranar na biyu, ya san sunan magatakardan kwamitin da aka miƙa wa, da irin goron da yake so.

Wata Laraba aka gayyace shi gidan rediyo. Ya yi bayani mai daɗi, shi kansa ya ji daɗinsa, a kan yadda kowane buhun gawayi da ya shigo birni gawar wata bishiya ce. Da aka buɗe waya sai ga mutumin Kambarawa.

"Malam, mun ji bayani, Allah shi saka da alheri. Tambayata guda ce. Tuwon da za ka ci yau in ka koma gida, da mi aka dafa shi?"

"Da gas," in ji Malam Nu'uman.

Amsar ta fito tun kafin ya yi shawara da zuciyarsa. A hanyarsa ta komawa gida bisa babur ya yi ta auna ta, ya ga ba ƙarya ce zalla ba, tunda akwai wata 'yar tukunyar gas a kicin ɗin matarsa Ramla, wadda ake dafa shayi da ruwan wankan jariri da ita. Ya yanke wa kansa hukunci cewa rabin ƙarya ya yi, kuma don alheri.

Yana karyo kwanar layinsu a Ƙofar Kwaya ya hango ragowar rabin. Hayaƙi ne fari tas yana tashi daga bayan katangar gidansa, a miƙe, ba ko kunya, ana iya ganinsa tun daga bakin titi.

Gwaggo Jummai na tsugune gaban murhu tana gyara itace. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma da mijinta ya rasu shi ya je da kansa ya ɗauko ta, yana cewa lokacin hutunta ya yi. Ba wanda ya taɓa ce mata ta riƙa girki. Ba kuma wanda ya taɓa ce mata ta bari. Ramla tana aiki a wani ofishi a GRA, ba ta dawowa sai la'asar, yara biyar ne, kuma kusan kullum bayan magariba 'yan ƙungiya kan hallara a zauren gidan su tattauna makomar dazuzzuka a kan kwanon tuwo.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambaye shi aiki da gajiya da zafin rana.

"Na ji ka a akwati," ta ce tana murmushi. "Madina maƙwabciya ta ƙara mani murya ta kan katanga. Muryarka sak ta babanka."

"Gwaggo, dama a kan wannan nake so mu yi magana. Hayaƙin nan ana ganinsa daga waje. Kin san mutane. Wani sai ya ɗauki hoto ya watsa a waya, aikin shekara biyu ya lalace."

"To, ya za a yi, Nu'umanu? Tuwo dai ba shi dahuwa da rana."

"Na ɗan lokaci ne. A mayar da girkin sito, a bar itace a koma gawayi, shi ba ya tashin hayaƙi sosai. Kafin wata ya mutu zan kawo babban murhun gas."

Ta dube shi, ta dubi siton. Ɗan ɗaki ne a ƙuryar gida kusa da banɗaki, inda ake jibge tsofaffin katifu da buhunan masara. Tagarsa guda ce, can sama kusa da rufi, faɗinta bai wuce na faifai ba.

"Ba kai ka ce gawayin ne ke cinye daji ba?"

Ya yi tari, ya ce maganar tana da tsawo, akwai bambanci tsakanin manufa da matakin wucin gadi. Gwaggo ba ta san ko ɗaya daga cikin kalmomin ba, amma ta san yaron da ta raina in yana jin kunya.

"Allah shi sa haka ya fi alheri," ta ce. "Gas ɗin ma ni tsoro yake ba ni."

Wannan 'yar magana ta ƙarshe, da ta faɗa don ta sauƙaƙa masa, ita mutanen gidan suka ɗauka suka adana kamar takardar fili.

Washegari aka share rabin siton, aka shigar da kurfoti biyu na gawayi. Gawayin kuma Malam Nu'uman ya tsara yadda zai riƙa shigowa: a juye shi cikin buhun shinkafa tun daga wurin mai sayarwa, a ɗaure baki. Maƙwabta suka fara cewa lallai ƙungiya ta fara kawo wa Sakatare alheri, duk mako buhun shinkafa. Ya ji wannan, kuma abin da ya fi ba shi haushi da kansa daga baya shi ne daɗin da ya ji.

Wata ya mutu, wani ya kama. Murhun gas bai zo ba, domin a makon ne aka ce kwamiti zai zauna, sai da aka buga kwafi sittin na shawarwarin ƙungiya, da bango mai sheƙi. Wata na gaba aka yi ranar dashen itatuwa, aka ɗinka riguna masu hoton kuka a ƙirji. Duk lokacin da ya wuce ta gaban shagon masu sayar da kayan gas yakan rage gudu ya dubi murhunan, har ya zaɓi wanda yake so, mai baki uku. A ganinsa mutumin da ya riga ya zaɓa ya yi rabin saye.

Gwaggo ta fara da ciwon kai. Takan fito daga sito da azahar ta jingina da bango, ta ɗaure goshi da ɗankwali, ta ce duniya na juya mata. Ramla ta kawo mata ƙwayar ciwon kai daga jaka.

"Hawan jini ne, Gwaggo. Ki rage gishiri."

Gwaggo ta rage gishiri.

Damina ta sauka. Gawayi ya riƙa zuwa da danshi, ba ya kamawa sai an cusa masa leda an kunna, a yi ta fifita. Ledar takan narke ta yi wani baƙin hayaƙi mai ɗaci da ke tsayawa a maƙogwaro. In ta buɗe ƙofa don ta sha iska, hayaƙin sai ya bi tsakar gida ya shiga shanya, Ramla ta dawo ta tarar da kayan ofis ɗinta suna wari.

"Gwaggo, don Allah a riƙa sakaya ƙofar nan. Jiya a ofis har wata ta tambaye ni ko suya nake yi."

Aka riƙa sakaya ƙofa.

Sai tari ya shigo. Da farko busasshe ne, na safe kawai. Daga baya ya zama irin wanda ke naɗe mutum biyu, sai ta dafa gwiwa ta jira ya sake ta. Idanunta suka kaɗa suka yi ja, kullum cikin ruwa. Matar da ke tuƙa tuwon mutum ashirin a tsaye, tana tuƙi tana ba da labari, ta koma tuƙi a zaune kan kujera 'yar tsugune, tana hutawa sau uku kafin ta kwashe.

Wata Asabar da hantsi Malam Nu'uman na zaune a inuwa yana gyara jawabi, tarin ya taso daga sito ya ƙi tsayawa. Ya ajiye biro ya saurara. Ya tashi ya je har bakin ƙofa, zafin ɗakin ya buge shi a fuska, ya tsaya daga waje.

"Sannu, Gwaggo. Tarin nan ya yi yawa."

"Lahiya lau, sanyin damina ne."

Ya ji daɗin amsar ƙwarai, don ita yake so. Ya koma wurin Ramla ya ce ya kamata a kai ta asibiti. Ramla ta ce ai ta faɗa mata ta ƙi, kuma tsofaffi haka suke. Ya ce batun murhun gas fa? Ta ce shi ya sani, amma ya tuna Gwaggo da bakinta ta ce tsoronsa take ji, kada a sayo abu ya zama kayan ado.

"Kuma matar da ta shekara arba'in gaban murhu," in ji Ramla, "hayaƙin wata huɗu ne zai dame ta? Ai jikinsu ba irin namu ba ne."

Malam Nu'uman ya gyaɗa kai. Ya koma kan jawabinsa, daidai sakin layin da ya rubuta cewa matan karkara su ne suka fi kowa shan wahalar hayaƙin girki, kuma shirun da al'umma ta yi a kansu abin kunya ne. Ya karanta, ya ga kalmar "abin kunya" ta yi sanyi, ya soke ta ya sa "zalunci".

Da magariba 'yan ƙungiya suka zo. Shugabansu, Alhaji Dabo, tsohon ma'aikacin gandun daji mai son tuwon dawa, ya kai loma ya lumshe ido.

"Sakatare, kai ne hujjarmu. Masu cewa gas ba ya tuwo su zo nan su ci. Wallahi har wani ƙamshi yake kamar na itace."

Aka yi dariya. Malam Nu'uman ya fi kowa dariya, har da buga cinya, yana jin tarin Gwaggo can ƙuryar gida yana ratsowa ta ƙarƙashin dariyar. Ya ɗaga murya ya jawo maganar sashe na ashirin da biyu.

Mutum ɗaya ne ya taɓa tare shi, ita ce Madina, maƙwabciyarsu mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda katanga ɗaya ta raba su. Ta tsayar da shi a ƙofar gida yana shirin tayar da babur.

"Malam, ina kwana, an tashi lahiya? Ya iyali? Ni dai ba ruwana da shiga sha'anin gida, amma tsohuwar nan tana ƙarewa. Ta katanga nake jin ta. Ku fiddo ta daga ɗakin nan."

"In sha Allahu, Malama Madina. Saura ƙiris. Da zarar an yi zaman jin ra'ayin jama'a, komai zai daidaita."

"Zaman mi?"

Ya fara yi mata bayanin matakan da doka ke bi. Ta saurara har ya kai karatu na uku, sannan ta ce mai na kan wuta, ta shige.

An sa zaman ranar wata Talata, wata na bakwai da shigar Gwaggo sito. Malam Nu'uman ne zai yi magana da yawun ƙungiya, an ba shi minti biyar. Bayan zaman kuma Alhaji Dabo ya shirya cewa baƙi biyu daga wata babbar ƙungiya ta Abuja, da wata 'yar jarida, za su zo cin abincin rana a gidan Sakatare, su ga yadda gidan ɗan fafutuka yake.

Tun da sassafe ya zagaya gidan da idon baƙo. An share, an jera tukwanen dashe a bakin zaure, an fito da 'yar tukunyar gas inda za a gan ta. Sai ya ɗaga kai ya ga tagar sito. Wani siririn hayaƙi na fita ta cikinta, kuma tagar tana kallon lungun da baƙi za su ajiye mota.

Ya ɗauko kujera ya taka. Ya yanki kwali daga akwatin da aka kawo kwafin shawarwari a ciki, ya cusa a tagar, ya danna gefe da gefe da tsumma har ya zauna daram. Ya sauko ya ja baya ya duba aikinsa, ya ga ya yi kyau.

"Gwaggo, yau kawai. Baƙi ne daga Abuja. A rufe ƙofar sosai har su tafi."

Tana zaune gaban kurfoti uku, don yau har da aron na Madina. Ta ɗago jajayen idanunta.

"Allah shi ba da sa'a, Nu'umanu. Ka yi magana da ƙarfi, kada ka ji tsoron kowa."

Ya yi magana da ƙarfi. Zauren majalisa ya cika, ga masu gawayi a gefe guda sun zo kare sana'arsu, ga makiyaya, ga dillalan filaye. Da aka kira shi ya miƙe cikin farar shadda, ya bi sassan ƙudirin ɗaya bayan ɗaya ba tare da duba takarda ba. Yana cikin minti na biyu wayarsa ta fara rawa a aljihu. Ta tsaya, ta sake. Ya kai hannu ya danne ta ta cikin riga. Ya iso wurin matan karkara, ya ce a daidai wannan lokaci da muke zaune a ƙarƙashin fanka, akwai wata uwa a wani wuri da ke shaƙar ajalinta don mu ci abinci. Wata mata a layin gaba ta share ido. Aka tafa masa har shugaban zaman ya buga tebur.

Sai da ya zauna, ya sha hannu da mutum shida, sannan ya duba wayar. Kira goma sha ɗaya, tara daga lambar da bai sani ba, biyu daga Ramla.

Lambar ta Madina ce. Ƙauri ta ji ta kan katanga, kuma a shekarun da ta yi maƙwabtaka da gidan ba ta taɓa jin tuwon Gwaggo ya kama ba. Ta yi sallama ba a amsa ba, yara suna makaranta, Ramla, da ta ɗauki hutun ranar, ta fita sayo lemo da kankana na baƙi. Ta tura ƙofar sito ta tarar da Gwaggo kife a gefen buhun masara, muciya a hannu, gefen zanenta ya fara cin wuta. Ita ta jawo ta waje, ita ta yi kururuwa, ita ta tare mai Keke.

A asibiti ya same ta kwance, an rufe mata hanci da baki da abin shaƙar iska. Ta yi ƙanƙanta a kan gadon, kamar an rage ta. Ramla na tsaye a gefe da ledar kankana har yanzu a hannunta, ta manta ta ajiye. Likitar matashiya ce, ta dube shi ta sake dubawa.

"Kai ne Malam Nu'uman na rediyo? Mahaifiyata ba ta wuce shirinka." Ta juya ga takardarta. "Iskar gawayi ce ta buge ta, da an ƙara minti kaɗan da wani zancen ake. Amma ba shi ne ya fi damuna ba. Ƙirjinta na nuna an daɗe. A ina take girki, kuma da me?"

Gwaggo ta ɗaga hannu ta janye abin da ke bakinta.

"Da gas, ɗiyata."

Likitar ta dubi tafin hannun da ya janye abin, baƙi ƙirin har cikin farce. Ta dubi Malam Nu'uman ta jira.

Abin da ya fi tsana in ya tuna wannan lokaci shi ne, ko a nan sai da ya ji kansa yana shirya jimla mai kyau, wadda za ta fara da "a gaskiya lamarin yana da sarƙaƙiya". Har ya buɗe baki da ita. Sai ya ga Gwaggo tana yi masa alama da ido, irin alamar da take yi masa yana yaro in ya yi ɓarna baƙi na nan, wato yi shiru, na rufa maka.

"Da gawayi ne, likita," ya ce. "A sito. Wata bakwai. Taga ɗaya ce, yau da safe na toshe ta da kwali. Ni da hannuna."

"Saboda me?"

"Saboda kada baƙi su ga hayaƙi."

Likitar ta rubuta wani abu. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma ya so a ce ta yi. Ta ce huhun tsohuwa ya daɗe yana shan hayaƙi tun ƙuruciya, amma watannin nan su suka ƙarasa shi. Za ta tashi in Allah ya so, sai dai numfashin da ya tafi ba zai dawo ba. Ba ita ba wuta har abada, ko turaren wuta kada a kunna kusa da ita.

Baƙin Abuja sun ci abinci a wani gidan abinci a GRA. Alhaji Dabo ya gaya musu an yi wa Sakatare rashin lafiya a gida, suka aiko da gaisuwa da yabon jawabinsa.

Kwana tara Gwaggo ta yi a asibiti. A kwanakin nan gidan ya rayu da burodi da shayi da abincin saye. Ranar da aka sallamo ta, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar tsakar gida, Ramla ta ɗaura zani ta ce yau dai a ci tuwo. Ta cire kwalin taga, ta bar ƙofa a wangale, ta shiga sito ta hura gawayi.

Ruwa bai ko tafasa ba ta fito a guje tana tari, hawaye na zuba, ta yi wurgi da mafici.

"Wallahi Malam ba zan iya ba! Wannan ɗaki ai ba ɗan Adam ne zai zauna cikinsa ba!"

Maganar ta fita, ta tsaya a tsakar gida. Ramla ta ji abin da ta faɗa. Ta juya ta dubi tabarma, ta sa hannu ta rufe baki.

Kafin la'asar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauke murhun gas mai baki uku da babbar tukunyar gas, mai haɗawa ya haɗa, ya kunna, wuta shuɗiya ta tashi ba ko ɗigon hayaƙi. Duka abin bai ɗauki awa uku ba, har da cinikin. Ba a jira kwamiti ba, ba a ji ra'ayin kowa ba. Gwaggo na jingine da filo tana kallo, numfashinta na fita da ƙara kamar ana jan zare.

"Ashe akwai shi a garin nan," ta ce.

Ba da gatse ta faɗa ba. Mamaki take yi tsakani da Allah.

Da yamma ya je ya durƙusa gaban tabarmar ya ce ta yafe masa. Ya shirya magana mai tsawo, amma bai kai ko rabi ba ta katse shi.

"Na yahe, Nu'umanu. Mi ka yi mani? Tashi, kada yara su gan ka haka."

Ya tashi da nauyin da ya fi wanda ya durƙusa da shi. Ya so a ce ta ja masa rai ko na kwana ɗaya, ya samu abin biya.

Wadda ta ja masa rai ta iso ranar Juma'a. Safara'u ce, 'yar Gwaggo tilo, da ke aure a Funtua, wadda duk watannin nan in ta bugo waya uwar kan ce mata lafiya lau, mura ce. Madina ce ta nemo lambarta. Ta gaida Ramla a taƙaice, ta wuce kai tsaye ta leƙa sito, ta daɗe tana kallon bangon da ya yi baƙi har rufi. Sannan ta shiga ɗakin uwarta ta fara naɗe kaya.

"Safara'u, ki bari mu yi magana," in ji Malam Nu'uman daga bakin ƙofa. "Yanzu an gyara komai. Ga gas nan, ba abin da za ta ƙara taɓawa."

"Yaya, da ka zo ɗaukar ta ce mani ka yi hutu za ta yi." Ba ta ɗago ba, tana ta ninke zani. "Na ga hutun."

"Kuskure ne, kuma na karɓa."

"Na sani. Kai ai ka iya karɓa. A rediyo ma na ji kana karɓar tambayoyi."

Gwaggo ta ce kai Safara'u, yayanki ne fa. Ta ce ita ba ta son tafiya, wa zai riƙa yi wa yara kitso, wa zai san yadda Alhaji Dabo ke son miyarsa. Tari ya sarƙe ta kafin ta gama lissafa mutanen da za su rasa ta. Safara'u ta jira ya lafa, ta ɗaga ta, ta sa mata takalmi.

Bayan wata biyu majalisa ta amince da ƙudirin. An ɗan taɓa sashe uku, amma ƙashin bayansa na nan. Wayar Malam Nu'uman ta yini tana ƙara. Alhaji Dabo ya rungume shi a bainar jama'a ya ce tarihi zai tuna da shi, jikokinmu za su zauna a inuwar da ya kare. Kuma gaskiya ne, dokar mai kyau ce, itatuwa da yawa za su tsira saboda ita, Malam Nu'uman ya san haka, bai kuma daina alfahari da ita ba. Abin da ya kasa shi ne haɗa wannan alfahari da ƙuryar gidansa a zuciya ɗaya. Mutumin da ya ƙirga itatuwan da ake sarewa a dajin da bai taɓa kwana cikinsa ba, bai ƙirga taku goma sha biyu da ke tsakanin kujerarsa da ƙofar sito ba. Ya san hayaƙi na kisa, shi ya koya wa rabin garin. Ba jahilci ne ya shigar da Gwaggo ɗakin nan ba. Ilimi ne ya shigar da ita, ya kuma san inda za a toshe.

Da la'asar ya keɓe a zaure ya buga lambar Safara'u, ya roƙa a ba Gwaggo. Ya ji ana tafiya da wayar, ya ji an ce, "Inna, ga Yaya Nu'uman."

"Gwaggo, ina wuni? Ya jiki? Dokar nan ta wuce yau."

"Alhamdu lillahi," ta ce, muryar can ƙasa. "Kai, madalla. Ai na san... na san za ka..."

Tarin ya zo. Ya riƙe wayar a kunne yana saurare, wannan karon bai da sashen da zai jawo ya rufe shi da shi. Ya daɗe. Aka ji ƙarar kofi, aka ji ana bubbuga baya, sannan muryar Safara'u ta dawo.

"Cewa take tana taya ka murna."

"Na gode. Ki ce mata..."

"Ita ta ce. Ni ban ce ba."

Ta kashe wayar.